Larabci ko Faransanci: Zaɓin Yaro da Zancen Hali



Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ga ya dace su ba mu wannan dama, ko da yake a zauren nan akwai waɗanda suka fi mu sani nesa ba kusa ba. Abin da aka nemi mu yi magana a kansa shi ne zaɓin harshen waje a makarantar sakandare, da dangantakarsa da halin mai zaɓin. Da jin batun wani zai ce ai wannan zancen ƙasashen Turai ne, inda akan jera wa yaro harsuna barkatai a ce ya ɗauki wanda ransa yake so. To, mu ma muna da namu. A makarantun Ikara da Makarfi da Kudan, inda mafi yawanmu muka fito, in an ɗebe Ingilishi wanda ya zama tilas, harsunan waje da yaro zai iya karo da su biyu ne, Larabci da Faransanci. A kan waɗannan biyu za mu tsaya.

Kowa a zauren nan ya san yadda ake yin rabon, domin ko dai an yi da shi, ko an yi a gabansa. Yaro mai sanyin hali, wanda ba ya ɗaga ido ya dubi malami, wanda in an yi tambaya sai ya sunkuyar da kai ko da ya san amsa, wannan tun kafin a ji ta bakinsa an riga an ce ɗan Larabci ne. Ranar da ya shiga ajin kuwa ya sami sabon suna, ya zama Ustazu, in yarinya ce ta zama Malama. Shi kuwa mai surutu, mai rawar kai, wanda ba a raba shi da filin ƙwallo da ƙungiyar wasan kwaikwayo, sai a ce ai Faransanci ne daidai da shi, abokai su laƙaba masa Mushe. Iyaye ma da wannan mudu suke awo. Uba ya ji ɗansa ya ɗauki Larabci, sai hankalinsa ya kwanta, a ganinsa tarbiyya ta samu ke nan. Ya ji an ce Faransanci, sai ya shiga zullumi, yana tunanin yaro zai buɗe ido, gobe ya fi ƙarfin gida. In 'ya mace ce kuwa, sau da yawa zancen ba ya ma kaiwa ga shawara.

Wannan ra'ayi yana da gindi a cikin tunanin Bahaushe, bai kamata mu yi masa dariya ba. Mu ne muke cewa hali zanen dutse. A wurinmu hali abu ne da ake haihuwar mutum da shi, yana kuma leƙowa ta cikin duk abin da mutum ya yi, daga tafiyarsa har irin abokan da ya riƙa. Wani Bature da ya daɗe yana aiki a Arewa, ya kuma koyar a Zariya, watau Anthony Kirk-Greene, ya yi wata lacca da aka buga a 1974 a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, inda ya lissafa siffofi irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci. Wanda ya tashi da irin wannan ma'auni, ba abin mamaki ba ne in ya ga yaro ya ɗauki wani harshe ya ce halinsa ne ya ja shi. Tambayar da muke so mu yi ita ce, shin yaron Paki ko Gubuchi ko Likoro shi ya yi zaɓin da kansa, har da za a karanta halinsa a ciki?

Bari mu ɗan waiwaya mu ga yadda harsunan nan biyu suka shigo aji. Larabci dai kiransa harshen waje ma sai da nauyin baki. Ya riga boko zuwa ƙasar Zazzau da ɗaruruwan shekaru. Da shi alƙalai suka yi shari'a, da shi sarakuna suka yi wasiƙa, sunayen ranakun mako da ƙidayarmu daga ashirin zuwa casa'in duk daga gare shi muka aro, haka littafi da alƙalami. Ya shiga tsarin makarantun zamani ta Makarantar Shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 da malamai daga Sudan, wadda aka mayar Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A 1960 gwamnatin Sardauna ta kafa hukumar shirya jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, wadda ta daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello kafin ta zama hukumar NBAIS ta ƙasa baki ɗaya. Shi kuwa Faransanci, bayan samun mulkin kai ne ya sami gindin zama, da muka duba muka ga maƙwabtanmu huɗu, Nijar da Chadi da Kamaru da Binin, duk da shi suke aikin gwamnati. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta fito a 1977, tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982, aka ajiye harsunan biyu cikin darussan zaɓi. Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri a 1991, da na Larabci a Ngala ta Jihar Borno a 1992, domin ɗaliban jami'a su je su zauna cikin harshen ba sai sun fita ƙasar waje ba. A 1996 Janar Sani Abacha ya ba da sanarwar cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, bugun Manufar Ilimi na 1998 kuma ya wajabta koyar da shi a makarantu.

Duk wannan a takarda ne, takarda kuwa ba ta shiga aji ta riƙe alli. A makarantar da wasunmu suka yi, ba sai mun ambaci sunanta ba, shekararmu ta farko babu malamin Faransanci ko ɗaya, saboda haka duk ajin muka zama 'yan Larabci, da mai kunya da marar kunya. A shekara ta biyu aka turo wata mai yi wa ƙasa hidima daga Kudu wadda ta karanta Faransanci a jami'a. Tana da fara'a, tana zuwa aji da rediyo mai kaset, tana sa mu gaisa da juna bibbiyu muna ta kuskure tana dariya tare da mu. Kafin wata biyu rabin ajin ya koma wurinta. Da shekararta ta cika ta ɗaure kayanta ta tafi, ba a turo madadinta ba, aka ce kowa ya koma inda ya fito. Yanzu wanda ya zo ya buɗe rajistar shekarun nan uku yana neman hali, sai ya ce yaran garin nan sun yi zuhudu, sa'an nan suka yi rawar kai, sa'an nan suka tuba. Alhali kuwa abin da ya faru, takardar turo ma'aikaci ce ta zo, wata kuma ba ta zo ba.

Inda aka yi sa'a akwai malaman biyu, sai jadawalin darussa ya yi nasa aikin. Mataimakin shugaban makaranta ya zauna da fensir da babbar takarda, azuzuwa sun yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, sai ya ɗora Larabci da Faransanci a sa'a guda, domin a ganinsa babu yaron da zai so duka biyun. Daga ranar nan harsunan sun zama kishiyoyi, shiga ɗakin wannan fita daga ɗakin waccan ne. Da an haura babbar sakandare kuma sai wani rabon ya shigo. Darussa takwas ko tara kaɗai ake zaunawa a jarrabawar WAEC ko NECO, yaron da aka ga yana da kai a lissafi sai a ce masa ya bar harsuna, wai aikin waɗanda kimiyya ta gagara ne. Wannan magana tana ba mu takaici ƙwarai. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da Larabci ya rubuta littafinsa na 1732 a kan hanyoyin tsara lambobi cikin hatimi, har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Da Baturen nan Clapperton ya komo Sakkwato a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai littafin lissafi na Uƙlidis cikin Larabci, ya kuwa tarar Bello ya riga ya san littafin. Da a wata makarantarmu ta yau suke, da an ce su zaɓi ɗaya.

Sauran masu zaɓa wa yaro ba sai mun daɗe a kansu ba. Akwai uba, akwai yaya da ya riga ya yi makarantar ya bar littattafansa a gida, akwai aboki wanda inda ya sa ƙafa nan ake sawa, akwai kuma jita-jitar cewa wane malami ba ya duka, ko wane darasi ya fi sauƙin ci.

To, kada a ce mun wanke hali tas, mun ce ba shi da hannu. Yana da shi, sai dai ba a inda muke nemansa ba. A 1959 wasu masana biyu a Amurka, John Carroll da Stanley Sapon, suka fito da wani gwaji na auna baiwar koyon harshe. A bayanin Carroll baiwar ta ƙunshi kunnen da ke rarrabe sautuka ya riƙe su, da gane aikin kowace kalma a cikin jimla, da ƙarfin hadda, da iya tsamo ƙa'ida daga misalai. Ku lura, babu ɗaya a cikinsu da aka ce wannan ta Larabci ce, waccan ta Faransanci. Yaron da ya shekara shida yana wanke allo ya riga ya horar da kunnensa da haddarsa, wannan horo kuwa zai yi masa aiki a kowane harshe aka sa a gabansa. A wannan shekara dai, a birnin Montiriyal na Kanada, Robert Gardner da Wallace Lambert suka buga binciken da ya kai su ga littafinsu na 1972. Sun duba 'yan sakandare masu jin Ingilishi da ke koyon Faransanci, suka ga ban da baiwa akwai niyya. Wani yana koyo don ya ci jarrabawa ko ya sami aiki, wani kuma don yana sha'awar mutanen da ke magana da harshen, yana son ya kusance su, kuma wannan sha'awa tana da ƙarfi wajen kai ɗalibi gaci. Mu dawo gida da wannan. Yaron Hunkuyi yana jin Larabci sau biyar a rana, ya ga an raka mahajjata ya ga an tarye su, malamin da ya fi girmamawa a unguwa da Larabci yake buɗe magana. Faransanci fa, a bakin wa ya taɓa jin sa? Sai ko ɗan ƙwallo a talabijin. Ashe abin da muke kira halinsa, sau da yawa iyakar abin da idonsa ya gani ne.

Game da surutu da shiru kuwa, Jean-Marc Dewaele da Adrian Furnham sun bi diddigin binciken da aka yi a kai, suka buga abin da suka samu a 1999. Mai son shiga jama'a yakan fi sakin baki in ana magana da harshen da ake koyo, amma a aikin rubutu ba a ga ya tsere wa mai shiru ba. Watau hali yana nuna hanyar da yaro zai bi ya koyi harshe, da wurin da zai sha wuya a hanyar. Bai faɗi wane harshe ne rabonsa ba.

A nan ya kamata mu ɗan zauna a kan kunya, domin a ganinmu ita ce gishirin zancen a ƙasarmu. A gida kunya ado ce. Da ita ake gane ɗan mutunci, ita ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ita ke sa yaro ya tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa. Amma koyon harshe ba ya yiwuwa sai mutum ya buɗe baki ya yi kuskure a bainar jama'a, yau da gobe da jibi. Bahaushe kuwa yana da wuraren tuntuɓe sanannu. A Faransanci akwai rikicin "p" da "f", akwai wasulan da ake fitarwa ta hanci, akwai haruffan da ake rubutawa ba a furta su. A Larabci akwai ainun da ha mai fitowa daga maƙogwaro, da ladi. Yaro ya yi tuntuɓe sau ɗaya, aji ya fashe da dariya, in mai kunya ne ya rufe baki ke nan, sai ya nemi ajin da ba za a ji kuskurensa ba. Yadda muke koyar da Larabci kuwa ya ba shi maɓoya. Malami ya karanta a maimaita tare, a haddace ƙa'idojin nahawu, a yi i'irabi a allo, wanda ya yi zurfi a zaure ya bi Ajurumiyya ya kai ga Alfiyyar Ibn Malik mai baiti wajen dubu. Duk wannan ilimi ne mai daraja, ba mu raina shi ba, da shi aka yi malaman da muke tinƙaho da su. Sai dai yaro yana iya shekara shida a ciki bai taɓa ƙulla jimla guda ta kansa ya faɗa wa wani ba. Saboda haka in mun ga masu kunya sun taru a ajin Larabci, hanyar koyarwarmu ce ta tara su. Larabawa kansu, wanda ya taɓa shiga kasuwa a Jidda ko Alƙahira ya san ba mutane ne masu ƙarancin magana ba.

Sakamakon kuwa muna ganinsa. Ga Ustazu, zai feɗe maka baiti kalma kalma ya gaya maka dalilin kowane wasali, amma ya sauka a Jidda mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ya kasa tambayar hanyar asibiti. Ga Mushe, ya iya gaisuwa da lanƙwasa harshe, amma a ce ya rubuta takardar neman aiki layi biyar, sai zufa. An bar kowannensu a inda halinsa ya fi jin daɗi, ba a taɓa tura shi inda yake da rauni ba, alhali dalilin zuwa makaranta ke nan.

Wani abin da ba a faɗa wa ƙannenmu shi ne, ɗan Hausa yana da ƙofar shiga harsunan nan duka biyu, ƙofar da ɗan Ingilishi ba shi da ita. Mu tun muna goye muka san kowane suna namiji ne ko mace, riga ce, wando ne. Larabci haka yake, Faransanci ma haka, Ingilishi ne bai san wannan ba. A Hausa rana mace ce, wata namiji, a Larabci ma haka, sai Faransanci ya juya su, rana ta zama namiji, wata ya zama mace, kuma mun ga yadda wannan kaɗai ke sa aji ya kaure da gardama mai daɗi. Larabci yana raba kai da ke kamar yadda muke yi, masana harsuna ma sun sa shi da Hausa cikin babban dangi guda. Faransanci kuma yana ce wa babba "ku" don girmamawa, kamar yadda ɗan kirki yake yi a gidajenmu. In Bafaranshe zai ce tamanin sai ya ce ashirin huɗu, kakanninmu ma da suke ƙidayar wuri hauya huɗu suke cewa. Kai, ko raken Makarfi da ake matsewa a yi mazarƙwaila yana da abin faɗi a nan. Kalmar sukari daga Larabci muka same ta, Faransawa ma asalin tasu kalmar ta sukari daga Larabcin ta bi ta iso gare su, haka kalmarsu ta lamba daga sifiri ta fito. Harsunan da muka mayar kishiyoyi sun daɗe suna cin abinci a akushi guda.

Saura zancen addini, wanda shi ne kowa ke tunani ba ya son faɗi. An ɗauka Larabci na masu tsoron Allah ne, Faransanci na 'yan duniya. Babu mai musun matsayin Larabci a wurin Musulmi, da shi aka saukar da Alƙur'ani, da shi ake salla. Amma harshe ne na mutane, ana ciniki da shi, ana faɗa, ana waƙar soyayya, akwai kuma miliyoyin Kirista a Masar da Labanan da Siriya da ba su da wani harshe sai shi. Ƙamusun nan Munjid da ke kan kantar malamai da yawa a Zariya, wani limamin Kirista ne, Luwis Ma'aluf, ya wallafa shi a Bairut a 1908. A ɗaya ɓangaren kuma, Muhammad Hamidullah, malamin da ya zauna a Faris shekara da shekaru, ya fitar da tarjamar Alƙur'ani cikin Faransanci a 1959, Musulmin Senegal da Mali da Gini kuwa ba a ce Faransanci ya hana su sahun gaba ba. A ƙauyukan Ikara da Makarfi muna da 'yan'uwa Hausawa Kirista. Ɗansu da ya ji yana sha'awar Larabci, a gida a dube shi, a aji a dube shi, har ya haƙura. Wannan hasara ce, ba tasa shi kaɗai ba.

Mu leƙa ƙetaren iyaka kaɗan. A Nijar an buɗe makarantar gwamnati mai haɗa Faransanci da Larabci a garin Say tun 1957, irinta kuma suka yaɗu har Maraɗi da Damagaram, a Say ɗin ne kuma aka buɗe Jami'ar Musulunci a 1986. Yaro Bahaushe ɗan'uwan namu, mai irin kunyarmu da irin rawar kanmu, yana yin darasi da wannan harshe da safe, ya yi da wancan kafin azahar. A Chadi harsunan hukuma biyu ne, Faransanci da Larabci. Su wane hali za mu ce suna da shi?

Akwai wata tambaya da ɗalibai suka saba yi mana, ko harshe yana sauya halin mai koyonsa. A 1964 wata masaniya a Amurka, Susan Ervin, ta nuna wa Faransawa mazauna Amurka waɗansu hotuna, ta ce su ƙaga labari a kansu, sau ɗaya da Faransanci, sau ɗaya da Ingilishi, ta ga jigon labarin mutum guda yana bambanta daga harshe zuwa harshe. Mu ma mun san wannan a jikinmu. Wanda ke ce wa shugabansa na ofis barka da safiya cikin kalma biyu da Ingilishi yana tsaye, shi ne zai je gaban hakimi ya zube ya yi gaisuwar minti biyar. Riga ce ake sauyawa gwargwadon wuri, mutumin yana nan. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne laƙabin da muke manna wa yara. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka ba da labarin gwajin da suka yi a wata makarantar firamare a Amurka. Sun gaya wa malamai cewa waɗansu yara suna gab da yin fice, alhali da ka aka tsamo sunayensu, a ƙarshen shekara kuma yaran nan, musamman na ƙananan azuzuwa, suka fi sauran ci gaba. Masana sun yi ta gardama a kan girman tasirin, amma mu da muka zauna a aji ba mu bukatar a rantse mana. Yaron da aka kira Ustazu yana ɗan shekara goma sha uku, in ya yi dariya da ƙarfi sai a ce haba Ustazu, in ya nufi filin ƙwallo a ce har da kai. Sannu a hankali ya daina. Wanda aka kira Mushe kuma, in aka gan shi a sahun farko sai a yi masa ba'a, a ce yau kuma da wace aka zo. Shi ma sannu a hankali ya daina. Bayan shekara goma mu dube su mu ce ai dama mun faɗa, hali zanen dutse, mun manta da wanda ya riƙe kurfi da guduma.

Abin da ake hasara ba kaɗan ba ne. Hedikwatar ECOWAS tana Abuja, tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba daga Tashar Yari, aikinta kuwa da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal ake yi. Larabci da Faransanci duk suna cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, suna kuma cikin na Tarayyar Afirka. Ma'aikatar harkokin waje, da hukumar kwastan, da ta shige da fice, da hukumomin alhazai, duk suna bukatar mai harshe, ɗan yankinmu kuwa sau nawa yake cikin waɗanda ake ɗauka? Wanda ya yi karatun kiwon lafiya a Makarfi, in yana jin Larabci na magana, ai mahajjatanmu sun sami mai faɗa wa likita inda ke yi musu ciwo. Gaskiya ne al'amura suna sauyawa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, a shekarar 2025 ɗin kuma Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan abin farin ciki ne ga duk mai kishin Hausa. Amma ɗan kasuwar da ya kai kaya Maraɗi zai gaya muku Hausa ta ishe shi ciniki, takardar da jami'in duwan zai miƙo masa ce take da Faransanci, kuma wanda bai iya karanta abin da ya sa wa hannu ba yana hannun wanda ya iya.

'Yan'uwa ma'aikata, musamman waɗanda ke ma'aikatar ilimi da ofisoshin shiyya da waɗanda ba da daɗewa ba za a ba su riƙon makarantu, abin da muke roƙo bai kai a kira taron ƙasa a kansa ba. Ranar da fensirin jadawali ya zo hannunku, ku raba harsunan nan biyu, kada su faɗo a sa'a guda, ko da yara uku ne kacal za su ɗauki duka biyun. In za a raba masu yi wa ƙasa hidima, a tuna makarantar da aka fara Faransanci bara, kada a bar yara da rabin harshe a baki. A cikin ɗaliban da ke zaune a nan akwai masu karanta Faransanci da Larabci a jami'a da kwalejin horon malamai, 'yan asalin garuruwan nan, waɗanda in aka ɗauke su ba za su ɗaure kaya bayan shekara guda ba. Malamin Larabci kuma ya ware ko da minti goma a kowane darasi, a rufe littafi, yara su yi cinikin tumatir da Larabci, su yi kuskure, kada kowa ya yi dariya sai shi malamin ya fara yi wa nasa kuskuren. Na Faransanci shi ma ya zaunar da masu bakin nan su yi rubutu.

Mu kuma ɗalibai, hutu ya kusa, kowannenmu yana da ƙane ko ƙanwa a aji uku da za a ce ya cika takardar zaɓin darussa. Kafin mu ce masa kai ai ɗan kaza ne, mu tambaye shi ko ya taɓa jin harshen nan a bakin masu shi, suna hira ta yau da kullum. In bai taɓa ba, ga waya a aljihunmu. Mu kamo masa labarai da Larabci na minti biyar, da Faransanci na minti biyar, mu saurara tare a zaure bayan sallar isha'i, sa'an nan mu yi shiru mu ji wanne zai ce a sake sa masa.